Sirrin Ruɓewa: Ƙananan Halittun da Ke Warware Kara da Itace

A cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da rundunonin Amurka suka sauka a tsibiran kudancin tekun Fasifik suna gwabzawa da mayaƙan Japan, sai ma'aikatar da ke kula da guzurin soja da suturarsu ta fara samun ƙorafi a kan wata hasara wadda ba harsashi ya jawo ta ba, ba kuwa gobara ba, domin tantunan da aka ɗinka da yadin auduga mai kauri, da jakunkuna, da ɗamaru, da rigunan da aka yi zaton za su jure wa wahalar fagen fama, duk sai aka ga suna yin baƙi-baƙi da kore-kore, suna taushi, har ta kai soja ya kama gefen tanti zai ɗaure ya ga ya kece a hannunsa. Ƙasar tana da zafi da laima dare da rana, kuma ko da yake kowa ya san fumfuna ce ke wannan ɓarna, ba a san wace iri ce ba, ba a kuma san ta wace hanya halitta maras haƙori take cin zaren da hanjin ɗan Adam ma ya kasa narkarwa ba. Saboda haka aka ba da umarni a tattara tsummokaran da suka lalace a aika da su gida, aka ɗora wa malaman kimiyya nauyin su gano maɓarnacin, su nemo maganinsa.

Daga cikin dubban ire-iren fumfuna da aka tara ta wannan hanya akwai wata koriya da aka samo a jikin yadin auduga daga tsibiran Solomon, aka ba ta lamba QM6a, aka ajiye ta tare da saura. Wani malami mai suna Elwyn Reese, da abokiyar aikinsa Mary Mandels, waɗanda suka yi shekaru masu yawa a ɗakin binciken soja da ke Natick a jihar Massachusetts, su ne suka tabbatar wannan fumfuna ta yi wa 'yan'uwanta fintinkau wajen narkar da auduga, kuma sannu a hankali sai niyyar aikin ta juya, aka bar neman hanyar kashe ta aka koma neman hanyar kiwonta, domin an fahimci abin da ya iya cinye tanti zai iya mai da kara da ciyawa da tsohuwar takarda su zama sukari. A 1977 aka bayyana ta a matsayin jinsi mai zaman kansa, aka raɗa mata suna Trichoderma reesei don girmama shi Reese ɗin, kuma har yau irin da masana'antun duniya suke kiwo a manyan tankunansu zuriyar wannan ƙwaya guda ce.

Amma kafin a gane girman abin da wannan halitta take yi, wajibi ne a san irin ginin da take rushewa. A 1838 wani masanin sinadarai na Faransa, Anselme Payen, ya ware daga jikin tsirrai wani abu fari mai zare wanda ake kira selulos, wanda da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta ta tsiro, kuma a cikin duk abin da mai rai yake ƙerawa babu wanda ya kai shi yawa a bayan ƙasa; kimanin kashi 90 cikin 100 na auduga shi ne, na itace kuwa tsakanin 40 da 50. Abin al'ajabi, selulos ba kome ba ne face sukarin gulukos, irin wanda ke yawo a jinin mutum, irin kuma wanda ke cikin sitacin gero da dawa, sai dai hikimar Mahalicci ta saɓa yadda aka ɗaura su. Mai karatu ya ɗauki misalin carbi, kowace ƙwaya tasa gulukos ce. A sitaci an jera ƙwayoyin duk suna fuskantar gefe guda, sai carbin ya lanƙwashe ya yi sako-sako, ruwa ya ratsa shi, yawun bakin mutum ma ya fara tsinka shi tun ba a haɗiye loma ba. A selulos kuwa kowace ƙwaya an kifa ta bisa ga maƙwabciyarta, sai carbin ya miƙe sambal da ƙwayoyinsa dubbai, ya kwanta a jikin 'yan'uwansa su manne ƙam har ruwa ya rasa kafar shiga, sa'an nan aka naɗe damin da wasu gajerun zaruruwa masu rassa, watau hemiselulos, aka kuma dafe duka da wani abu mai tauri da ake kira lignin. Wannan ne sababin da ya sa hatsi yake ƙosar da mutum, karan da ya ɗauko zangarniyar kuwa ko an daka shi an tankaɗe ba ya zama tuwo, alhali kuwa a irin doguwar dawar ƙasarmu sukarin da ke kulle cikin karan gona ya fi wanda ke cikin hatsinta.

Abin da ake kwance wannan ɗauri da shi malamai suna kiransa enzayim, watau wani nau'in furotin da halitta mai rai take ƙerawa domin ya gaggauta wani canji guda tak, ya tsinka wani ɗauri ko ya ƙulla shi, ya fito lafiya lau ya sake yi, sau dubbai, ba tare da ya ƙare ba. Shi Payen ɗin ne tare da Jean-François Persoz suka fara ware irinsa daga tsiron sha'ir a 1833. A 1897 Eduard Buchner na Jamus ya nuna ruwan da aka matso daga yisti yana tsimar da sukari ko da babu ƙwaya mai rai a cikinsa. A 1926 kuma James Sumner na Amurka ya kafa hujja cewa enzayim furotin ne. Masana sun ƙiyasta cewa da za a bar ɗaurin selulos da ruwa zalla, sai ya yi miliyoyin shekaru kafin rabinsa ya tsinke, amma in enzayim ya kama shi sai ya gama da shi kafin ƙiftawar ido. Da yake fumfuna da bakteriya ba su da baki balle ciki, sai suka zama masu narkar da abincinsu a waje: fumfuna takan miƙa siraran jijiyoyinta cikin kara, ta zubo enzayim daga bakinsu, ta jira ya tsinko mata sukari, sa'an nan ta tsotse.

Tun a 1950 Reese da abokan aikinsa suka yi hasashen cewa aikin ba na enzayim ɗaya ba ne, kuma binciken shekarun da suka biyo baya ya gaskata su, har ya ƙara a kan abin da suka faɗa. Akwai waɗanda ke neman wuraren da damin ya yi rauni su tsinka zaren a tsaka, don a sami bakuna da yawa. Akwai waɗanda ke kama bakin zaren su zura shi cikin wani rami da ke jikinsu, suna tafiya a kansa suna gutsuro ƙwaya biyu-biyu. Akwai kuma na ƙarshe masu raba biyun nan su zama gulukos ɗai-ɗai, waɗanda in babu su sai gutsattsarin su taru su hana na farko aiki. A 2011 Kiyohiko Igarashi na Jami'ar Tokyo da abokansa suka ɗauki hoton masu tafiyar nan da wata na'ura mai tsananin ƙara girma, aka gan su suna bin juna a kan zaren selulos, in na gaba ya ci karo da cikas sai na baya su yi cunkoso a bayansa, har taruwarsu ta ture abin su wuce. Fumfunar kuma tana da tattali, domin ƙera enzayim yana cin ƙarfinta: muddin akwai gulukos a kusa ba ta ƙera ko kaɗan, sai ta ji alamar selulos sa'an nan ta buɗe. A 1962 Mandels da Reese suka gano wani sukari, soforos, wanda ɗan ƙanƙaninsa yake isa ya zaburar da ita.

Lignin kuwa wata mas'ala ce dabam, kuma ita ce mafi wuya, domin shi ba a jere yake ba balle a bi shi ƙwaya-ƙwaya; a cakuɗe yake, ɗaurinsa iri-iri, babu tsari guda da enzayim zai riƙe. Halittun da suka ƙware a kansa 'yan kaɗan ne, mafi yawansu dangin naman kaza ne masu tsira a jikin matattun itatuwa. Wanda ya taɓa tuntuɓe da tsohon gungume a kurmi ya ga ya yi fari fat, ya yi laushi, yana sulluɓewa zare-zare a hannu, to ya ga aikin masu cin lignin. Wanda kuwa ya ga gungume ya yi ja-ja ya tsattsage murabba'i-murabba'i, in an murza ya zama gari, wannan aikin wasu ne da suka sace selulos suka bar lignin. A 1983 Ming Tien da Kent Kirk, a ɗakin binciken katako na gwamnatin Amurka da ke Madison, suka ware enzayim na farko mai fasa lignin daga fumfunar Phanerochaete chrysosporium, aka ga ba tsinkawa yake yi a tsanake ba, wata irin ƙuna ce maras harshen wuta yake sakar masa har ya farfashe. Wasu masana sun tafi a kan cewa yawan kwal da ya taru a ƙarƙashin ƙasa kimanin shekaru miliyan 300 da suka shuɗe ya faru ne domin a lokacin masu cin lignin ba su bayyana ba, wasu kuwa sun yi musu raddi suka ce fadamu da yanayin wancan zamani ne sababi, kuma har yanzu saɓanin yana nan. A 2010 ma, bayan an yi zaton an gama sanin babin, sai Gustav Vaaje-Kolstad da Vincent Eijsink a Norwe suka bayyana wani sabon jinsin enzayim mai aiki da iskar oksijin, wanda daga baya aka gano yana ɗauke da ƙwayar jan ƙarfe guda, yana huda sashen damin selulos da ya fi kowane tauri don saura su sami mashiga.

To, ba sai mun tafi Amurka ko Norwe ba kafin mu ga wannan aiki, domin yana gudana a kowane garke. Saniya ba ta da enzayim ko ɗaya na kanta mai narkar da selulos; abin da take da shi tumbi ne, wanda a babbar saniya yakan ɗauki lita 100 ko fiye, mai ɗumi, maras iska, cike da bakteriyar da yawansu yakan kai biliyan goma a cikin mililita guda na ruwansa. Ita dai nata ta yago ciyawa, ta haɗiye, in ta kwanta a inuwa ta dawo da ita baki ta yi tuƙa don ta daɗa niƙe ta. Su kuwa su warware zaren su ci sukarin, abin da suka fitar na tsami shi jininta ke ɗauka, kuma daga gare shi take samun kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfin jikinta. Robert Hungate na Amurka ne ya fito da dabarar kiwon waɗannan bakteriya a cikin kwalabe marasa iska har aka san su ɗaya bayan ɗaya, a 1975 kuma Colin Orpin a Ingila ya gano akwai har da fumfuna a tumbi, abin da malamai suka daɗe suna ganin ba zai yiwu ba. Haƙiƙa, nonon da ke cikin ƙwaryar fura da man shanun da ke kan tuwo ciyawa ce wadda waɗannan halittu suka kwance.

Gara mai gina suri ita kuma noma take yi. Ma'aikatanta sukan ɗebo kara da busasshen ganye da itace, su tauna, su gina wata irin saƙa da shi a ɗakunan ƙarƙashin surin, inda ɗumi ba ya nisa da digiri 30 rani da damina, a kan saƙar nan kuma wata fumfuna mai suna Termitomyces take tsira, ta sassauta lignin, ta tausasa zaren, sa'an nan garar ta ci saƙar da ta nuna. Masana sun ce a dazuzzukan Afirka wannan zumunci ya fara, kimanin shekaru miliyan 30 da suka wuce, kuma a Afirka da Asiya kaɗai ake samunsa. A ƙasashe masu dogon rani irin namu, inda saman ƙasa yake bushewa watanni bakwai ko takwas har fumfuna da bakteriya su kwanta, gara ce ke ci gaba da aiki, don ta tanadar wa fumfunarta laima a ƙarƙashin ƙasa.

Iyayenmu mata ma sun daɗe suna sarrafa waɗannan halittu da gwaninta, ko da ba su taɓa ganinsu ba. Mai yin daddawa takan dafa kalwa ta daɗe a wuta har ta yi laushi, ta surfe ta, ta wanke ɓawon, ta sake tafasa ta, ta juye a kwando tun da zafinta, ta rufe da ganye da buhu, ta bar ta kwana biyu ko uku. In ta buɗe sai ta tarar ta ɗau ɗumi da kanta, ta yi duhu, ta yi yauƙi, warinta yana hawa hanci. Bakteriyar Bacillus subtilis ce ta yi wannan, ta farfasa furotin ɗin kalwa ya zama abin da ke ba miya daɗi, kuma ita ce dai ke aiki a daddawar batso da ake yi da gurguzu, ita ce kuma mutanen Japan suke tsimar da waken soya da ita. Haka mai jiƙa rama a kududdufi: jira yake yi bakteriyar ruwa su cinye fektin, watau danƙon da ya manne zaren da ɓawo, kuma ya san in ya tsame da wuri zaren ba zai rabu ba, in ya yi jinkiri kuwa masu cin selulos za su far wa zaren igiya ta yi rauni.

Masana'antu sun ɗauki wannan aiki suka kai shi tankunan ƙarfe. Jokichi Takamine, mutumin Japan, ya sami rajistar mallakar fasaha a Amurka a 1894 a kan enzayim da ya ciro daga fumfunar da mutanen ƙasarsu ke tsimar da shinkafa da ita, daga nan kuma ƙofa ta buɗe. Tun shekarun 1930 ake tace ruwan 'ya'yan itace da enzayim mai narkar da fektin. A 1986 Liisa Viikari da abokan aikinta a Finlan suka nuna in an sa wa ɓargon katako enzayim mai cin hemiselulos, sinadarin kulorin da ake bukata don faranta takarda yana raguwa. A 1987 kamfanin Kao na Japan ya fito da garin wanki mai suna Attack wanda ke ɗauke da enzayim mai sassauta zaren auduga don dattin da ya maƙale a cikinsa ya fita. Wandon jins da ake koɗar da shi da duwatsu aka koma koɗar da shi da enzayim. Masu haɗa abincin kaji kuma suna zuba shi don kaza ta amfana da alkama da sha'ir da dusa. Jikokin fumfunar nan ta Solomon, musamman irin da ake kira Rut-C30 wanda aka samar a Jami'ar Rutgers a ƙarshen shekarun 1970, an kawar musu da tattalin nan nasu har suna zubo enzayim ko da gulukos a gabansu, kuma na masana'antu a yau sukan kai giram 100 a kowace lita.

Akwai wani labari a wannan babi da ya kamata mu 'yan Afirka mu riƙe. A farkon shekarun 1990 wasu masu bincike daga Turai suka ɗebi ruwa da taɓo daga tafkunan kanwa na Kenya, irin su Bogoria da Nakuru, suna neman bakteriyar da enzayim ɗinsu ke aiki a cikin kanwa, domin irinsa ne ke jure wa ruwan sabulu. Daga abin da suka samu kamfanin Genencor ya fitar da enzayim na wanki da na koɗar da jins, aka yi ta ciniki, sai a 2004 hukumar kula da namun daji ta Kenya ta tayar da magana tana neman haƙƙin ƙasarta, kamfanin kuwa ya ce bai saɓa wa doka ba. Irin wannan jayayya tana cikin dalilan da suka sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta shar'anta neman izini da raba amfani da ƙasar da aka ɗebo halitta daga cikinta.

Babban burin da aka ɗora wa wannan ilimi, watau mai da kara man mota, shi ne wanda ya fi ba da wahala. Tsadar man fetur ta 1973 ce ta fara tayar da shi, a 2007 kuma majalisar Amurka ta yi doka cewa kafin ƙarshen 2022 a riƙa samar da galan biliyan 16 a shekara na mai daga kara da ciyawa da itace. Aka gina manyan masana'antu, ɗaya a Crescentino ta Italiya a 2013, biyu a jihohin Iowa da Kansas a 2014, sai ta kamfanin DuPont a Iowa a 2015 wadda aka tsara ta ba da galan miliyan 30 a shekara; ta Kansas ta tsaya a 2015, ta DuPont a 2017, ɗayar ta Iowa ta bi su bayan 'yan shekaru, ta kamfanin Clariant a Romaniya kuwa aka buɗe ta a 2022 aka sanar da rufe ta a ƙarshen 2023, abin da aka samu kuma bai kai ko kusa da abin da doka ta yanka ba. Ba enzayim ne ya gaza ba. Kara abu ne mai cin wuri maras nauyi, jigilarsa daga dubban gonaki tana da tsada, yana zuwa da ƙasa da tsakuwa masu lalata injuna, dole a dafa shi da tururi ko asid kafin lignin ya saki, farashin fetur kuma ya faɗi warwas a 2014. Inda abin ya ɗan tsaya da ƙafarsa shi ne Birazil, domin can tukar rake tana tare a ƙofar masana'antar sukari, ba a biyan kuɗin ɗauko ta.

A ganina, wannan tarihi ya isa ya sa mu yi hattara da masu cewa karan gonakin Arewa shara ce da za a kwashe a mai da ita mai, domin ƙasarmu ta fi tankin mota bukatarsa. Ƙasar noma a yawancin yankinmu rairayi ce, abin da ke cikinta na ruɓaɓɓen tsiro sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali shi ne ke riƙe ruwa da abincin shuka, shi ne kuma in ya ƙare manomi ya ce gona ta gaji. Ƙamshin nan da ke tashi ran da aka yi ruwan farko daga wasu bakteriyar ƙasa masu suna Streptomyces yake fitowa, kuma a 1958 H. F. Birch, yana aiki a Afirka ta Gabas, ya nuna in busasshiyar ƙasa ta jiƙe, halittun cikinta sukan farka gaba ɗaya su far wa abin da ya taru da rani, su sako naitirojin mai yawa cikin 'yan kwanaki, wanda in babu saiwar da za ta kama shi sai ruwa ya wuce da shi ƙasa. Ga hujjar ilimi a kan abin da manoma suka sani tun kaka da kakanni, cewa shukar farko ta fi ƙarfi. Sai dai halittun nan su ma suna bukatar naitirojin don gina jikinsu, kimanin kashi 1 ga kowane kashi 25 zuwa 30 na kabon da suka ci. Harawa da kashin dabbobi suna kusa da wannan awo, karan dawa kuwa ya yi nisa da shi ƙwarai, don haka in an binne ɗanyen kara dab da shuka sai su ari naitirojin ɗin ƙasa, shuka ta yi rawaya, manomi ya ce kara ya ƙona masa gona. Maganin abin shi ne a haɗa shi da kashi, a ba shi laima da lokaci. Tsibin da aka haɗa daidai yakan yi zafin da ya kai digiri 60, wanda ke kashe yawancin irin ciyawa, in ya huce ya yi baƙi ya daina wari to taki ya nuna.

Gwajin da aka kafa a Samaru ta Zariya tun 1950, inda ake kwatanta filayen da ake ba kashin shanu da waɗanda ake ba takin zamani shekara bayan shekara, ya nuna haɗa biyun ya fi riƙe albarkar ƙasa a kan dogara ga na zamani shi kaɗai, binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore a Nijar kuma ya nuna barin karan gero a kwance a gona yana ƙara amfani. Manoman karkarar Kano da ke jigilar taki daga birni a mangala bisa jakuna, da waɗanda ke gayyatar Fulani su sauka a gona bayan girbi, da wannan ilimi suke aiki. Marigayi Yacouba Sawadogo na Yatenga a Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, ya shahara ne da gyara wata tsohuwar dabara: a haƙa ƙananan ramuka a fako tun da rani, a zuba taki a ciki, gara ta zo neman takin ta huda ƙasar da hanyoyinta, ruwan sama ya sami mashiga, gero ya tsira inda dā ko ciyawa ba ta fitowa. Manoman Illela a jihar Tawa sun je sun gani a ƙarshen shekarun 1980, suka dawo da ita, suna kiranta tassa, suka raya filaye masu yawa da aka riga aka fid da rai da su.

Ba adalci ba ne a zargi manomi da jahilci don ya kwashe kara, domin kara yana da masu nema da yawa: darni yana so, murhu yana so, shanu da tumaki suna so a tsakiyar rani, uwargida tana son tokarsa ta miya, kuma tsutsar da ke huda kara tana kwana a cikinsa har damina, abin da ya sa wasu ke ganin wuta ce mafita. Amma wuta tana kore kabon da mafi yawan naitirojin zuwa sama, ta bar toka kawai wadda iskar bazara ke kwashewa, alhali kwantar da kara a ƙasa rana ta buge shi yana kashe tsutsa da yawa. Karan da za a ba dabba ma ana iya ƙara masa daraja: a narka kilo 4 na takin yuriya a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara ko bambaron shinkafa, a danne a rufe ruf da leda mako uku, enzayim na bakteriyar da ke jikinsa zai mai da yuriyar iskar amoniya wadda ke sassauta ɗaurin lignin, sa'an nan a buɗe a sha iska kafin a bai wa dabba, a kuma kiyaye kada ta sha ruwan yuriyar kansa domin guba ne.

Kiranmu ga jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Maraɗi shi ne su ɗauki wannan fanni da muhimmanci, su tattara halittun surin gara, da na tumbin shanunmu da raƙumanmu, da na wuraren kanwa na ƙasar Manga da bakin tafkin Cadi, su tantance su, su adana su da sunan ƙasa a ma'ajiya mai tsari, kada aikin ya tsaya a kundin neman digiri. Malaman gona kuma su koma koyar da haɗa taki a rami da irin himmar da ake rabon buhunan takin zamani da ita. Kai kuwa manomi, karan da bai shiga darni ba, bai shiga murhu ba, bai shiga cikin dabba ba, kada ka sa masa wuta wajen sharar gonar bana. Ka bar shi kwance a gona, ko ka kai shi rami ka haɗa da kashin awaki ka yayyafa masa ruwa.